Shekarar da Na Ba Gidado Riƙon Sambo

Ku da kuka fito kwanan nan da takardar koyar da wasanni, kowa da sabon usur a wuya, na ga alama kun ɗauka aikin nan busa ne da ɗaga hannu. Wani cikinku ma ya ce da ni kwanaki wai malamin wasanni shi ne wanda gwamnati ke biya don ya sha iska. Na san bai taɓa auna filin gudu da igiya a tsakiyar bazara ba. Shekara goma sha tara na yi a wata kwalejin horon malamai da ke kan hanyar Tudun Wada, kuma abin da ya fi ba ni wahala a cikinsu ba gudu ba ne, ba tsalle ba ne. Sanin wanda za ka haɗa da wani ne.

Kayan aikinmu gaba ɗaya akwatin ƙarfe guda ne. Akwai doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli mita goma. Akwai gwangwanin madara da aka huda gindinsa, da shi muke zana layi, kuma tokar kicin muke zubawa don farar ƙasa ba kullum ake kawo ta ba. Akwai agogon gudu guda ɗaya mai taurin kai, sai ka ɗan buga masa yatsa kafin ya yarda ya tashi. Takalma masu ƙusa ƙafa shida ne na duk kwalejin, wanda ƙafarsa ta yi ƙanƙanta sai ya cusa tsumma a gaba. Sai man zafi da bandeji da muke wankewa mu shanya mu sake naɗewa. Da waɗannan muka riƙa kwaso kofuna, har ina jin kewar ƙamshin man zafin nan in na shiga filayenku na yanzu.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Haladu, tsohon soja, gajere, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Na zo masa da takardata ina ta ɗaga kafaɗa, ya duba ta sama da ƙasa ya miƙo mini gwangwanin toka. Shekara biyu ina zana layi kafin ya bar ni na riƙe agogo. Shi ya kafa abin da muke kira riƙo. Duk ɗalibin da ya shigo shekarar farko yana cikin 'yan wasa, sai a damƙa shi hannun wani ɗan wasa na shekarar ƙarshe. Ba irin uban makarantar nan mai sa ƙanana wanki da ɗebo ruwa ba. Mai riƙo shi zai tashe ka atisaye bayan sallar asuba, ya zauna kusa da kai a ɗakin cin abinci ya ga ka cinye rabonka, ya duba littattafanka ranar Alhamis don ɗan wasan da ya faɗi jarrabawa korarsa ake yi, sannan ya duba tafin ƙafarka ko akwai ƙaya ko faso. Dalilin Malam Haladu ɗaya ne: sabon ɗalibi ba ya gaya wa malami ciwo. Ko ƙashinsa ya tsage, in ka tambaye shi, lafiya lau zai ce maka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda yake haɗa su. Kwana uku cur yake yi a gindin wani ƙaton maɗaci, yana kiran sababbin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsu sana'ar kakanninsu, da wa ya auri wa, kamar wanda zai raba gado. Daga nan sai ya ɗauki ɗan masuntan Tiga ya ba ɗan mahautan Bebeji, ya ɗauki Bafulatani ya ba Babarbare, ya ɗauki Bakano ya ba Bazazzagi. Wuni za su yi suna tsokanar juna a fili, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce wannan ƙarnin kifi yake. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan shirme. Ya ce mini yaron da zai iya zagin babba da wasa, ranar da cikinsa ya murɗa ma zai iya buɗe baki ya faɗa masa. Na ce to, a raina kuwa na ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Da ya ajiye aiki ya koma gida Kiru, akwatin ya dawo hannuna. Rabon riƙo na farko da na yi, rabin awa ya ɗauke ni. Na buɗe rajista, mai gudu na ba mai gudu, ɗan gari na ba ɗan garinsu, na rufe. Har na yi wa kaina kirari cewa ilimin zamani ya zo.

Shekarar kuwa ita ce mummunar shekarar nan da ciwon shanu ya shigo, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. In ka bi hanyar Falgore, warin mushe ne ke tarbarka. A kwaleji aka rage abinci, kokon safe ya zama kana hango gindin kofi ta cikinsa. Ɗalibai 'ya'yan makiyaya suka riƙa ɓacewa ɗaya ɗaya, in an je hutu ba sa dawowa.

A cikin sababbin da suka shigo akwai Sambo. Na fara ganinsa ne a wasannin firamare a Doguwa, dogo siriri, ya girmi 'yan ajinsu nesa don bai shiga makaranta da wuri ba, lokacin ya kai sha tara. Babu takalmi ya zagaye filin nan ya bar na biyu a baya da zagaye guda, ya tsaya ko haki ba ya yi. Ni na bi masa takardu har ya samu shiga kwaleji. Bai yi wata guda ba mahaifinsa ya aiko ya dawo gida, don 'yan shanun da suka rage za a kora su kudu kuma babu hannu. Na hau babur na tafi rugarsu a bayan Falgore. Dattijon ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo nono duk da halin da ake ciki, ya saurare ni har na gama. Na gaya masa a shekarar jiha ta fito da wani tsari: za ta ɗauki masu dogon gudu biyu daga shiyyarmu, ta riƙe karatunsu da cinsu har su gama, da ɗan abin da za su riƙa aikawa gida. Za a yi gwajin ne ƙarshen zango na biyu. Sai ya ce ya ba ni aron ɗansa zuwa ranar gwajin. In gwamnati ta ɗauke shi, ya bar mata. In ba ta ɗauka ba, washegari ya taho da akwatinsa.

Na dawo da ƙarfin gwiwa, don a lissafina gurbi biyun nan namu ne. Ɗaya na Sambo, ɗaya na Gidado. Gidado ɗan shekarar ƙarshe ne, shekara uku babu wanda ya taɓa shan gabansa a mita dubu biyar a duk shiyyar. Mutum ne mai natsuwa, maganarsa a wuni ba ta cika cokali ba. Shi gurbin nan shi ne hanyarsa ta zarcewa babbar makaranta a Kano maimakon a tura shi koyarwa ƙauye. Da na duba rajista na ga shi da Sambo garinsu ɗaya, gudunsu ɗaya, sai na ce ai wannan Allah ne ya haɗa. Na kira su na ce Gidado ga ɗan riƙonka. Duk su biyun suka sunkuyar da kai. Na ɗauka ladabi ne.

Tun makon farko na ga abubuwa, amma ban karanta su ba. Kowa na fitowa atisaye da gajeren wando, Sambo sai ya fito da dogon wando da riga mai hannu. Na yi faɗa, na sa shi tsallen kwaɗo, washegari ya sake fitowa haka. A ɗakin cin abinci Gidado zai zauna kusa da shi kamar yadda doka ta ce, shi kuwa sai ya sa kwano a gaba yana juya cokali har a kaɗa ƙararrawa. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito, na ɗora laifin a kan kokon kwaleji. A fili kuma kullum abu ɗaya: Gidado na ɗaya, Sambo na biyu, taku uku a bayansa. In Gidado ya ƙara wuta ya ƙara, in ya sassauta ya sassauta. Ban damu ba, tunda biyu za a ɗauka.

Ana nan sai takarda ta zo daga Kano cewa saboda matsin da ake ciki, gurbi biyun ya koma ɗaya. Shugaban kwaleji ya miƙo mini ita yana cewa ai ba komai, Gidado zai kawo mana. Ni kuwa dattijon nan na tuna, da nonon da na sha masa. Na biyu yanzu daidai yake da na ƙarshe.

A wannan tsakanin aka tura 'yan shekarar ƙarshe koyarwar gwaji, Gidado ya faɗa garin Yako, mako uku. Ranar da ya tafi, Sambo ya fito da gajeren wando ba wanda ya ce masa. Mai rabon abinci ya kawo mini ƙara wai wani dogon Bafulatani ya zo neman ƙari sau biyu. A mako na biyu na sa su mita dubu biyar, na danna agogo, da ya shigo na duba na ga ya zaftare kusan minti guda daga lokacinsa, ya wuce mafi kyawun lokacin Gidado. Na girgiza agogon, na kara shi a kunne, na zage shi. Bayan kwana biyu na aro agogon hannun malamin lissafi na haɗa su biyu, suka faɗi abu ɗaya. Gidado na dawowa, dogon wando ya dawo, taku ukun nan suka dawo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsare Sambo a bayan ɗakin ajiya na ce ko tsoronsa yake ji, ko dukansa yake yi, ko wani abu ya ba shi ya sha. Ya ce a'a, a'a, a'a, idonsa a ƙasa. Na ce to me ya sa ba ya wuce shi. Ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan. Saura kaɗan na kai masa mari.

Wanda ya fitar da ni daga duhu shi ne Bukar, wani Babarbare mai jifan dalma, ɗan shekarar ƙarshe, mahaifinsa ma'aikacin ruwa ne a Tiga. Ƙato ne mai bakin tsiya, Bafulatani ba ya wucewa ta gabansa bai sha tsokana ba. Ya same ni ina naɗe igiya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana da magana amma kada in ce shi ya faɗa.

"Malam, ai ƙanwar Gidado ce a ɗakin Sambo. Uwa ɗaya uba ɗaya. Bara aka ɗaura, kafin ya zo nan."

Na saki igiyar. Bukar ya ce ko ban lura ba tunda Sambo ya zo bai taɓa kama sunan Gidado ba. Ya ce ai su waɗannan mutanen, yayan matarka ko inuwarsa ba ka takawa, balle ka ci abinci a gabansa, balle ka tuɓe wando, balle ka sha gabansa mutane na kallo ana tafi. Ya ce Gidado ma ya sani, shi ya sa wata biyu ke nan yana rage rabin abincinsa ya ba Bukar a ɓoye ya kai wa Sambo bayan aji, a ce ragowar kicin ce.

Ranar Asabar na tafi Kiru wajen Malam Haladu. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran keke. Na zayyana masa komai ina jiran ya wanke ni tas. Bai yi ba. Ya tambaye ni kwana nawa na yi ina rabon riƙo, na ce rabin awa. Ya ce to ai ban yi laifi da yawa ba, a rabin awa abin da mutum zai iya ɓatawa ke nan. Ya ce in raba su yau, in ba Babarbaren riƙon, amma in sani raba kwano mai sauƙi ne, fili kuwa guda ɗaya ne, kuma ranar gwaji su biyun za su tsaya a layi ɗaya. Wannan, in ji shi, ba ni zan warware ba.

Na mayar da Sambo hannun Bukar. Cikin kwana goma kumatu suka fara dawowa, don Bukar tsayawa yake a kansa yana cewa ci, bawana, kada ka mutu a ce na yi asarar dukiya, shi kuma yana ramawa baki cike da tuwo. A nan na fara jin muryar Sambo sosai. A bakin Bukar na ji cewa akwai wata tsohuwar ƙaya a diddigensa tun daga gida, muka cire ta. Amma a fili ba abin da ya canja. Na ba shi umarni a gaban kowa ya wuce, ya ce to, ya ƙare taku uku a baya. Na raba musu lokacin atisaye, ya yi gudu kamar barewa. Na sake haɗa su, ya koma gidan jiya.

Saura kwana huɗu gwaji Gidado ya zo ofishina da hantsi, ya tsaya a bakin ƙofa sai da na ce ya shigo. Na fara ba shi haƙuri a kan kuskurena, na tambaye shi don me bai gaya mini tun ranar farko ba. Ya ce malami ya ba shi amana a gaban mutane, ba zai ce ba ya so ba, kuma ba abu ne da ake faɗa da baki ba. Na ce ko ya san Sambo ya fi shi gudu. Ya ce tun makon farko ya sani, don numfashin da yake ji a bayansa ba na mai gajiya ba ne. Ya ce shi ya sa ya zo, ba zai shiga gwajin ba. Na ce to su shiga su biyu, in an kusa ƙarshe ya ɗan sassauta.

"In na sassauta zai sassauta, Malam. In na faɗi da gangan, tsayawa zai yi ya ɗaga ni. Muddin ina filin ba zai wuce ba. Ko a cikin 'yan kallo nake, in ya hango ni, shi ke nan."

Na ce ya san abin da yake faɗa kuwa, wannan ce damarsa ta ƙarshe, in ya bar ta ƙauye za a tura shi. Ya ce shi ko yaya aka yi zai fita da takardar koyarwa a hannu nan da wata huɗu. Sambo in ya bi shanu kudu, ya bar aji ke nan har abada. Ya ce ni na ba shi riƙo, kuma a saninsa ban ce riƙon ya tsaya a bakin layi ba. Ya ajiye mini takalma masu ƙusa da ya saba sawa, mafi kyau a cikin shidan, ya ce in miƙa wa Bukar ya ba Sambo, kada a ce daga ina suka fito. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji a gaban ɗalibi ba.

Shugaban kwaleji da ya ji, kamar ya cinye ni ɗanye. Ya ce na ajiye zakara na ɗauki ɗan tsako, in muka rasa gurbin nan in nemi wata makarantar. Na ce na ji.

Ranar gwaji motar kwaleji ta kwashe mu zuwa Tudun Wada, Gidado ya zauna a makaranta, aka ce da Sambo zazzaɓi ne ya kama shi. Ban sani ba ko ya yarda. Zagaye goma sha biyu da rabi ne. Aka busa, wani dogon ɗalibi daga Rano ya ja gaba, Sambo ya liƙe masa a baya, taku uku. Zagaye biyar, taku uku. Zagaye takwas, taku uku. Wata shida yana bin bayan mutum, ƙafarsa ta saba, ya manta ana wucewa. Na yi ta ihu har muryata ta dushe, ko waiwaye bai yi ba. Da suka shigo zagaye na goma sai Bukar ya ture mutane ya je bakin layi, ya haɗa hannu a baki.

"Kai bawan Barebari! Wannan ma ƙanwarsa ka aura?"

Filin ya fashe da dariya. Na ga haƙoran Sambo a waje, yana gudu yana dariya, sai ya fita ta dama ya wuce ɗan Rano kamar an tsayar da shi. Ya shigo da tazarar rabin fili. Mutanen Kano suka rubuta sunansa a wurin, akwatinsa bai koma Falgore ba. Ya gama kwaleji, ya yi wa jiha gudu shekara shida, daga baya ya zama malamin wasanni kamar ku, sai dai shi kwana uku yake yi yana rabon riƙo, ni ma tun daga shekarar haka na koma yi.

Gidado kuwa aka tura shi wata firamare a cikin ƙasar Doguwa, inda mota ba ta shiga da damina. Ban sake ganinsa ba sai bayan shekara goma sha biyu, da na je duba wasannin firamare. Ya zama hedimasta, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya yanka mini zabo, muka zauna a inuwar aji bayan la'asar. Ya tambayi Malam Haladu, na ce Allah ya yi masa rasuwa, muka yi masa addu'a. Ya tambayi Bukar, muka yi dariya. Na daure na tambaye shi ko ya taɓa yin da na sani. Ya ce a'a, 'ya'yan ƙanwarsa huɗu duk suna makaranta. Sai ya ɗauki wani kara yana wasa da shi a ƙasa, can ya ce abu ɗaya ne kawai. Ya ce duk shekarun da Sambo ya yi yana yi wa jiha gudu, ko sau ɗaya bai je kallo ba, don kada ya hango shi. A kwaleji kuma kullum shi ne a gaba.

"Wata shida ina jin sawunsa, Malam, ban taɓa ganin gudunsa ba. Kai da ka gani, yaya yake?"

Na ajiye kofin ruwan da ke hannuna, na fara masa tun daga zagayen farko.